Manhajar waya za ta sa ƙanwata ta ci gaba da shan maganin ciwon damuwa?

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ce ta aiko da wannan tambaya. Likita ya ce ƙanwarta tana da ciwon damuwa, ya ɗora ta a kan fluoxetine, kafso ɗaya kullum da safe. Ta sha wajen sati biyar, ta ce ta ji sauƙi, ta ajiye. Yanzu abin ya fara komawa gidan jiya: barci ya ƙaurace mata, abinci sai an matsa, ba ta son hira da kowa. Ɗan mai tambayar, wanda ke karatu a Samaru, ya ce a sa mata manhajar tunatarwa a waya, wai da ita ake magance irin wannan a ƙasashen waje. Tana so ta ji ko da gaske an yi bincike a kai, kuma ko zai yi wa ƙanwarta amfani.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri da kika tsaya mata. Aikina haɗa magani da ba da shi ne a nan Zariya, kuma irin labarin ƙanwarki ina jin sa a bakin taga fiye da yadda za ki zata. Ɗanki ya yi gaskiya, an yi bincike mai yawa. Abin da binciken ya nuna kuwa shi ne waya tana taimakawa matuƙar akwai mutum a ɗaya ɓangaren da zai tambayi mara lafiya yaya jiki, ya saurari amsa, ya yi wani abu a kai. Ƙararrawa ita kaɗai mantuwa take magancewa, kuma daga bayaninki ƙanwarki ba mantawa ta yi ba. Shawara ta yanke.

Kada ki ga laifinta da yawa. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta musu. A kan maganin ciwon damuwa, wani bincike da Mark Olfson da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2006 ya gano cewa kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka fara ba wa sun daina cikin kwana 30 na farko, kuma kashi 28 cikin 100 ne kacal suka wuce kwana 90 suna sha. A ƙasa mai arziki irin Amurka ke nan.

Yana da kyau ki san yadda ake samo irin waɗannan alƙaluma, domin a nan ne na'ura ta fara shiga harkar. Da can tambayar mutum ake yi, kana shan maganinka? Ya ce ƙwarai, don yana jin nauyin likita. Daga baya aka koma duba bayanan kantunan magani a kwamfuta: yaushe ya karɓi na wata ɗaya, yaushe ya dawo karɓar na gaba. In kwanakin da yake da magani a hannu sun kai kashi 80 cikin 100 na lokacin, sai a lissafa shi cikin masu bin ƙa'ida. Akwai kuma kwalba mai murfi na musamman da ke rubuta rana da sa'a duk sanda aka buɗe ta. Kowacce hanya tana da giɓi, don karɓar magani daban, haɗiye shi daban, kuma ana iya buɗe kwalba a mayar a rufe. A wurinmu giɓin ya fi faɗi. Mutum zai ga likita a Asibitin Koyarwa na Shika, ya sayi na sati biyu a can, na gaba a wani kemis a Sabon Gari, na bayansa ɗan'uwa ya aiko daga Kano, duk da kuɗi hannu, babu kwamfutar da ta haɗa waɗannan wuraren. Saboda haka lissafin Amurka na Amurka ne. Abin da za mu ɗauka a ciki shi ne lokacin da aka fi faɗuwa, wato watan farko zuwa na uku, kuma wannan ya yi daidai da abin da muke gani da ido.

Me ya sa sati biyar bai isa ba? Waɗannan magunguna ba sa aiki irin na Panadol. Sai an yi sati biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji, wani sai sati shida ko takwas. Barci da cin abinci kan riga daidaituwa, sannan walwala ta biyo baya. Lokacin da mutum ya ce ya warke, alamomin ne suka lafa, ciwon yana nan kusa. Fluoxetine kuma yana da wata ɗabi'a da ke yaudarar mutane: yana daɗewa a jiki, makonni ake yi kafin ya gama fita bayan kafso na ƙarshe. Kamar a janye itace daga murhu ne don an ga tukunya ta tafasa, garwashi zai riƙe zafin na ɗan lokaci, har a zaci girki ya kammala. Ƙanwarki ta daina, sati ɗaya lafiya, sati biyu lafiya, ta tabbatar wa kanta ba ta buƙatarsa. Abin da kike gani yanzu ya biyo bayan ƙarewar maganin a jikinta.

John Geddes da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 31 na mutum 4,410 suka wallafa a mujallar Lancet a 2003. Duk mutanen sun sami sauƙi da magani, sai aka bar wasu a kansa, wasu aka sauya musu da ƙwayar da babu magani a cikinta. Ciwon ya dawo wa kashi 18 cikin 100 na masu ci gaba da sha, ya dawo wa kashi 41 cikin 100 na waɗanda aka cire wa. Irin wannan sakamako ne ya sa ƙa'idar Ingila ta ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 kuma, wanda ake horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da shi, ya ce wata 9 zuwa 12. Ki lura, daga ranar da aka ji sauƙi ake fara ƙirga, ba daga ranar da aka fara sha ba. Kuma wannan ba ya nufin har abada. A wani gwaji na Ingila a 2021, na mutum 478 da suka daɗe suna sha ko ciwon ya taɓa maimaita musu, cikin shekara guda ya dawo wa kashi 56 cikin 100 na waɗanda aka janye wa magani, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Ma'ana da yawa sun daina lafiya lau. Akwai ranar dainawa, likita ne zai sa ta tare da ita.

To, mu zo kan na'urori. A 2017 an wallafa wani babban gwaji a Amurka na mutum 53,480 da ba sa shan magungunansu yadda ya kamata, ciki har da masu shan maganin damuwa. An aika wa wasu akwatin ƙwayoyi mai ɗakunan kwanaki, wasu murfin kwalba mai agogo da ke nuna tsawon lokacin da aka yi ba a buɗe ba, wasu wani ɗan maƙalli da ake turawa kullum in an sha. Bayan shekara guda, babu ko ɗaya da ya kawo canjin a-zo-a-gani a kan waɗanda ba a ba komai ba. Manhajojin babbar waya kuma matsalarsu watsarwa ce. Amit Baumel da abokan aikinsa sun bi diddigin manhajoji 93 na lafiyar ƙwaƙwalwa a 2019, suka ga a matsakaiciyar manhaja, cikin mutum 100 da suka sauke ta, kimanin 3 ne ke buɗe ta bayan kwana 30. Wannan bai ba ni mamaki ba. Ciwon damuwa karsashi yake fara kashewa. Matar da wanka ya zame wa aiki, ba za ta zauna kullum tana cike tambayoyi a waya da Turanci ba.

An ma wuce nan. A Nuwamba 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna Abilify MyCite, wadda aka dasa wa 'yar na'ura ƙarama a ciki. In ta isa ciki sai ta aika saƙo zuwa filastar da aka manna a jiki, filastar ta aika wa waya, likita ya ga an haɗiya. Maganin da ke cikinta na wasu cututtukan ƙwaƙwalwa ne, ana kuma ƙara shi a kan maganin damuwa a wasu lokuta. Hukumar da kanta ta faɗa a lokacin cewa ba a tabbatar na'urar tana ƙara bin ƙa'idar shan magani ba, kuma kamfanin da ya ƙera na'urar, Proteus, ya durƙushe a 2020. Sanin cewa mutum bai sha ba abu ne mai sauƙi. Sanin dalilinsa ne aikin.

Ruwa ba ya tsami banza, Hajiya, kuma kafin a sa komai a wayarta ya kamata ki gano dalilinta. "Na ji sauƙi" sau da yawa ita ce amsar da ta fi sauƙin faɗa wa yaya. A ƙarƙashinta akan sami wasu. A makonnin farko fluoxetine kan sa tashin zuciya, ciwon kai, rashin sukuni ko rashin barci, wahalar ta riga amfanin zuwa. Amitriptyline, wani maganin damuwar da aka fi rubutawa a ƙananan asibitocinmu saboda arha, yana busar da baki, ya sa jiri da nauyin jiki da taurin bayan gida. Akwai wanda mata da maza duka ke jin nauyin faɗa: irin su fluoxetine kan rage sha'awar auratayya, kuma matar aure za ta gwammace ta ajiye magani shiru da ta buɗe baki ta gaya wa likita namiji. Akwai tsoron kada ta saba da shi, don mutanenmu sun ga ɓarnar tramadol da kodin. Maganin damuwa ba ya bugarwa, ba ya sa ƙishirwar ƙari, sai dai jiki kan ji in an yanke shi farat ɗaya. Akwai kuɗi, musamman tun 2023 da farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, ga kuɗin mota zuwa Shika da yinin layi. Akwai kuma mai ba da shawara a gida, da ya ce wannan ai iska ce ko sammu, ba ciwon asibiti ba ne. Ban taɓa ce wa kowa ya bar addu'a ko ruƙiyya ba, kuma ba zan ce ba. Roƙona a haɗa su da maganin, kada ɗaya ya kori ɗaya.

Na taɓa ganin wata mata ta zo karɓar na wata. Na ce ta nuna min ragowar na baya, sai ta juya baya ta kwance bakin zaninta, ta fito da 'yar robar maganin ƙarin jini. A ciki ta zuba kafso ɗin bayan ta ɓalle su daga katinsu, katin kuma ta jefa a murhu, don kada abokiyar zamanta ta ga sunan ta kai wa ɗan makaranta ya karanta, gari ya ɗauka ta zare. Ranar da ɗaki ya cika da mutane da safe, ba ta sha. Ki yi tunanin a ba irin wannan matar wayar da za ta riƙa ƙara kullum ƙarfe bakwai tana rubuta sunan maganin a fuska. Ita za ta fara kashewa.

Wannan ya kawo mu batun sirri, wanda samari masu son manhaja ba su cika tunawa ba. A 2019 Kit Huckvale da abokan aikinsa sun binciki manhajoji 36 da suka fi farin jini na ciwon damuwa da na daina shan taba. Guda 33 suna aika bayanan masu amfani da su zuwa wasu kamfanoni, 29 zuwa Google ko Facebook, kuma 12 ne kawai cikin waɗannan 29 suka bayyana hakan daidai a ƙa'idojinsu. Najeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma kamfanin da ke wata nahiya ba shi da sauƙin kamawa. Kafin ma a je can, a gidajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Miji yana dubawa, yara suna wasa da ita, ana barin ta wurin mai caji.

Yanzu ga ɓangaren da ya yi aiki, kuma mafi kyawun misalinsa daga Afirka ya fito. A Kenya an yi gwaji da mutum 538 da suka fara shan maganin rage kaifin cutar ƙanjamau, aka wallafa a Lancet a 2010. Duk ranar Litinin da safe ma'aikaciyar jinya takan aika musu tes mai kalma ɗaya da Suwahili, "Mambo?", wato yaya dai. Mara lafiya ya amsa lafiya, ko ya ce akwai matsala. Wanda ya ce akwai matsala, ko aka yi kwana biyu ba a ji shi ba, sai a kira shi. Kashi 62 cikin 100 na masu karɓar saƙon sun bi ƙa'idar magani, waɗanda ba a aika wa ba kashi 50, kuma gwajin jini ya nuna cutar ta fi lafawa a cikinsu. Saƙon bai ambaci magani ba, bai ambaci cuta ba, kowa ya gani zai ce gaisuwa ce. Ƙaramar waya mai tocila ta isa. A 2016 an tattara gwaje-gwaje 16 na saƙon tes a kan cututtuka irin su ƙanjamau, ciwon zuciya da asma, aka ƙiyasta yana ɗaga bin ƙa'ida daga kashi 50 zuwa kusan 68 cikin 100, ko da yake yawancin gwaje-gwajen gajeru ne kuma da bakin marasa lafiya aka auna.

A kan ciwon damuwa kansa, Gregory Simon da abokan aikinsa a Amurka sun gwada a 2011 da mutum 208 da suka fara magani. Nas mai horo a fannin ƙwaƙwalwa takan rubuta musu ta intanet, ta tambayi jiki da illolin maganin, ta isar wa likita abin da ya kamata. Kashi 81 cikin 100 sun wuce wata uku suna sha, waɗanda ba a bibiya ba kashi 61. A gida Najeriya ma, Farfesa Abiodun Adewuya da abokan aikinsa sun gwada tallafi ta waya a ƙananan asibitocin Legas, suka wallafa a 2019, kuma waɗanda aka bibiya ta waya sun fi tsayawa a kan jinyarsu. A ganina abin da ya haɗa waɗannan duka a fili yake. Matar da ke fama da tashin zuciya a kwana na biyar ta sami wanda zai ce mata wannan yakan wuce cikin sati ɗaya ko biyu, ki sha bayan kin ci abinci. Wadda kuɗinta ya ƙare an sani kafin maganin ya yanke. Da ina da iko, da kowane asibitin da ke rubuta waɗannan magunguna a ƙasar Zazzau ya ware nas ɗaya da layi ɗaya da katin waya don wannan aikin, musamman a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, kuma masu zuwa daga Giwa, Soba da Maƙarfi ba za su iya zaryar sati-sati ba.

Kafin a kai can, ke ce mutumin da zai riƙa bibiyarta. Abu na farko, kada ta ɗauko ragowar kafso ta ci gaba da kanta. Ku koma wurin likitan cikin wannan satin, ku faɗi gaskiyar ranar da ta daina, ba za a kore ku ba. Zai auna ta, wataƙila da wata takarda mai tambayoyi tara da ake auna tsananin ciwon damuwa da ita, ya ga ko a mayar da ita kan fluoxetine ko a sauya. Kafin ku tafi ki zauna da ita ku biyu, ba a gaban miji ko yara ba, ki tambaye ta me maganin ya yi mata da ba ta so. In abin na kunya ne, ki nemi ta ga likita mace ko nas, ko ke ki faɗa a madadinta da izininta, domin akwai abin yi: a rage, a sauya lokaci, ko a canza magani. In tana da ciki, tana shayarwa, ko tana shan wani magani ko na gargajiya, a faɗa. Ki tambayi likita wata nawa za ta yi, a rubuta a bayan katinta, don mutum ya fi jure tafiyar da ya san iyakarta. Ki kuma roƙi lambar da za a iya kira in wani abu ya taso, ta nas ko ta mai ba da magani.

Shan maganin a ɗaure shi da abin da ba ta fasawa, kamar karin kumallo bayan sallar asuba. In ana son ƙararrawa, ta cikin wayar ta isa, a sa mata sunan da ba zai tona komai ba. A watan azumi, tunda sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da shi sahur ko bayan buɗa baki da shawarar likita, ba sai an ajiye ba. Ke kuma ki zaɓi rana ɗaya a sati ki aika mata saƙon murya ko ki kira, ki ce yaya jiki, yaya barci. Ki guji fara da kin sha maganinki, don wannan tambayar tuhuma ce a kunnen mai ciwo. In kwana biyu ba amsa, ki hau Keke ki je. Saura kwana biyar magani ya ƙare a nemo na gaba. Ɗanki yana da rawar takawa a nan, ya riƙe lissafin ranar komawa asibiti da ranar sayen magani. In har ita da kanta tana son manhaja, ba laifi, a zaɓi wadda ke aiki ba tare da data ba kuma ba ta neman suna ko lambar waya.

Ranar da lokacin dainawa ya yi, a hankali ake ragewa cikin makonni. Wani babban nazari na 2024 ya ƙiyasta kimanin mutum 1 cikin 6 ko 7 kan ji alamomin janyewa, irin su jiri, tashin zuciya, rashin barci da saurin fushi, kuma kimanin 1 cikin 35 kan ji su da tsanani. Sun fi yawa da magunguna masu saurin fita daga jiki irin su paroxetine da venlafaxine.

Akwai abubuwan da ba a jira musu ranar asibiti. In ta fara cewa gara ta mutu ta huta, ko ta zame wa mutane kaya, ko ta fara rabar da kayanta tana neman yafiya ba dalili, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya, maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai, musamman amitriptyline in akwai shi a gidan, don yawansa yana taɓa zuciya. A kai ta a ranar sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa a Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A ƙara sa ido a makonnin farko bayan an mayar da ita kan magani, musamman in ba ta kai shekara 25 ba. Haka kuma in kika ga ta juye gaba ɗaya, ta kwana biyu ko uku ba barci kuma ba gajiya, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi, ki kai ta a ranar, ki gaya wa likita duk abin da kika gani tun daga farko.